Sunan Wanda Ba Ya Nan

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Auyo ya gabatar a daren muhawara na ƙungiyar ɗalibai)



Ran da sakataren ƙungiya ya liƙa sanarwa a jikin allo, aka ga abin da zan yi magana a kansa, wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya tare ni a bakin famfo, ya ce, "Kai kuwa, duk abubuwan da ke damun ƙasar nan ba ka ga na ɗauka ba sai wasan yara?" Na ce masa ya zo ya saurara, in ya so bayan an tashi ya yanke hukunci. Ga shi can kuwa a kujerar baya, ya harɗe ƙafa yana jirana.

Bari in fara da bayyana matsalar, domin malamanmu da ba su taɓa ɓata dare a kan irin wannan wasa ba. A wasannin intanet, watau waɗanda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa a fage ɗaya, kowa yakan ƙirƙiri jarumin da zai yi wasa da shi, sa'an nan ya raɗa masa suna. A yawancinsu ba a yarda mutum biyu su yi tarayya a suna ɗaya ba, gama sunan nan shi ne adireshi: da shi ake aiko maka saƙo, da shi ake gayyatarka yaƙi, da shi kuma ake kai ƙararka in ka yi zamba. To, shekaru sukan shuɗe. Wani ya gaji ya bari, wani ya yi aure, wani wayarsa ta faɗa rijiya, wani kuma Allah ya yi masa rasuwa. Sunayensu kuwa suna nan a kulle. Sabon shiga ya zo yana son suna, a ce masa an riga shi, alhali wanda ya riga shin ya shekara biyar bai leƙo ba. Tambayar ita ce, ya halatta masu wasan su ƙwace sunan nan su sake shi ga jama'a?

Ni kaina abin ya taɓa cina. A wani wasa da muke yi a waya na so in kira jarumina Sarkin Ruwa, saboda ni ɗan bakin kogi ne, aka ce akwai mai shi. Na nemo mai shi, na tarar bai wuce matakin farko ba, ko harbi ɗaya bai yi ba, ya kama suna ya tafi abinsa. Dole na liƙa wa nawa lambobi huɗu a wutsiya, kamar lambar motar haya. A ranar, da an tambaye ni, da na ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, a ƙwace kawai.

Kada ku ɗauka masu wannan ra'ayi ba su da hujja. Suna da ita, kuma lissafi yana bayansu. Da haruffa 26 na boko, sunaye masu harafi uku da za a iya haɗawa duka-duka 17,576 ne, masu harafi huɗu kuwa 456,976, galibinsu ma tarkace ne da baki ba ya iya furtawa. Wasan da ya tara miliyoyin mutane yakan cinye masu daɗin cikin 'yan kwanaki. Abin da ya yi ƙaranci kuwa yakan yi tsada. A 2014 wani mai sunan harafi ɗaya tak, watau N, a dandalin Twitter wanda yanzu ake kira X, ya ba da labarin cewa an taɓa taya sunan nasa dala 50,000, daga baya kuma wani ɓarawon intanet ya ƙwace shi da barazana, sai da ƙyar aka mayar masa.

Saboda haka manyan kamfanoni sun sha sakin sunaye. Kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasan World of Warcraft da ya fito a 2004, ya ba da sanarwa a 2014 cewa duk jarumin da ba a shiga da shi ba tun 13 ga Nuwamba 2008 za a saki sunansa. Ku lura, kusan shekara shida ke nan, kuma ba a shafe jarumin ba: in mai shi ya dawo zai tarar da kayansa, sabon suna kawai zai zaɓa. A shekarar dai, kamfanin Jagex na Ingila ya yi irin wannan shara a wasansa RuneScape. A watan Mayu na 2016 Microsoft ya saki sunaye kusan miliyan ɗaya na tsofaffin 'yan wasan Xbox. Ba a ji sama ta faɗo ba. Da a nan maganar ta tsaya, da abokina na kujerar baya ya ci ni.

Abin da ya sauya mini tunani ba a cikin wasa ya same ni ba. Shekarar da zan shigo jami'a na sayi sabon layin waya a Haɗejiya, na yi rajista da sunana, aka ɗauki hotona da yatsuna. Kwana uku da sa shi, bayan sallar magariba, sai ga kira. Muryar tsohuwa ce. Ba ta ko yi sallama ba, ta kira wani suna da ba nawa ba, ta ce, "Ashe kana da rai? Ashe kana da rai?" Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba shi ba ne, sabon layi ne na saya." Ta ce, "Yaro, kada ka yi mini wasa, lambar ɗana ce, ga ta nan a rubuce a bangon ɗakina." Da na lallaɓa ta, sai na fahimci ɗan nata ya tafi ci-rani Kudu, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta fi shekara tana sa jikanta ya buga mata lambar, kullum a kashe, sai ran nan ta shiga. Ku auna abin da ta ji a 'yan daƙiƙun nan kafin in ɗauka.

Ba ita kaɗai ba. Wani ya kira yana bin bashin kuɗin taki. Saƙonnin wani banki suka riƙa shigowa, suna gaya mini abin da ya rage a asusun mutumin da ban taɓa gani ba. Da ni mugu ne, da ban rasa hanyar da zan bi ba, domin a ƙasar nan lambar waya ita ce mabuɗin asusu, ta nan ake aiko lambar sirri.

Ba wanda ya karya doka a wannan al'amari, shi ya sa ban ambaci kamfani ba. Lambobin waya ƙididdigaggu ne, hukuma ce ke ba kamfanoni su. Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta shimfiɗa ita ce, layin da ya yi wata shida ba a yi hulɗa da shi ba a rufe shi, in ya ƙara wata shida a haka ana iya ba wani. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, lambar da a da kira kawai ake yi da ita ta zama igiyar da aka ɗaure banki, da katin ɗan ƙasa, da WhatsApp, da rajistar jarrabawa, duk a jikinta. An saki igiyar, ba a kwance kayan ba.

Turawa ma sun taka wannan ƙaya. A 2013 kamfanin Yahoo ya ce zai sake raba adireshin imel da suka shekara ba a buɗe ba. Bai daɗe da rabawa ba sababbin masu adireshin suka fara faɗa wa 'yan jarida cewa wasiƙun tsofaffin masu su suna shigo musu, har da masu ɗauke da asirin mutane. A watan Nuwamba na 2019 Twitter ya ce zai share duk asusun da ya wata shida ba a shiga ba. Kwana ɗaya tak ya janye, saboda mutane sun taso suna cewa asusun iyayensu da suka rasu ke nan, can suke zuwa su karanta abin da mamatan suka bari. Google kuwa, ko da yake tun Disamba 2023 ya fara share asusun da ya shekara biyu a yashe, ba ya ba wani adireshin Gmail da aka share. Ya gwammace sunan ya mutu da mai shi.

To, jama'a, duk waɗannan ƙa'idoji, na wasa da na waya, a kan zato ɗaya aka gina su, watau wanda ya yi shiru ya haƙura. Wannan zato ne nake so mu ɗauka mu kai Auyo, mu ga ko zai iya tsallake kogi.

Wanda bai san ƙasarmu ba, Auyo tana cikin masarautar Haɗejiya, a kwarin da kogin Haɗejiya ke malala kafin ya shiga fadamun da suka miƙa har Nguru. Rayuwarmu duka a kan tafiya da dawowa take. Ruwa yakan zo ya rufe fadama wata da watanni, ya janye, a bi sawunsa a shuka. Bafillace yakan tafi da shanunsa da damina, ya dawo da rani. Masunci yakan bi kifi har tafkin Chadi. Saurayi yakan tafi ci-rani bayan kaka, ya dawo da faɗuwar ruwan fari. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan ya bar bin tsohon lokacinsa, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa, har akwai gonakin da suka shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa da ciyawa. Amma je ka tambayi dattijo a Ayama ko Gamsarka, zai miƙa sanda ya nuna maka tsakiyar kacala, ya ce daga nan zuwa can gonar gidan wane ce. Ba wanda ya taɓa cewa tun da ba a ga mai ita a ciki ba, ta zama ta kowa.

A ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa ɓarna mai yawa, ƙauyukanmu da dama sun tashi. Wanda ke kwana a ajin makarantar firamare da iyalinsa, buhunan shinkafarsa suna ƙarƙashin ruwa, ba ta cajin waya yake ba, balle data. A shekarar nan kuma yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Satumban 2021 gwamnati da kanta ta sa aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta fi mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi a wata ƙasa ya rubuta "wata shida", mutumin da ke da wuta dare da rana yake gani a ransa. Agogonsa ba ya ƙirga damina.

Abin da ya ba ni mamaki, da na koma ga littattafan da muka karanta a zaure kafin mu san boko, na tarar malaman fiƙihu sun riga sun yi wa wannan matsala filla-filla, fiye da yadda kamfanonin nan suka yi. Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane gari a ƙasar Hausa ake karanta ta, akwai hukuncin hauzi: wanda ya riƙe gida shekara goma ana danganta shi gare shi, mai da'awa kuwa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai ce uffan ba, to in ya taso daga baya ba a saurarensa. Ashe shari'a ta yarda shiru yana iya kashe hakki. Amma dubi sharaɗin: sai mutum yana nan, yana sane. Shirun wanda ke gari dabam, shirun wanda ba ya nan dabam. Kamfanin wasa da na waya ba su san wannan bambanci ba, duk shiru ɗaya ne a wurinsu.

Wanda ba ya nan kuwa, har aka rasa labarinsa, kamar ɗan Iya, yana da babi nasa. A mazhabar Malikiyya matarsa takan kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye, wanda mashahurin zance ya ce saba'in ne daga haihuwarsa. Ku duba hikimar: abin da jinkirinsa ke cutar da mai rai an gajarta masa wa'adi, abin da zai iya jira an bar shi ya jira. Ba a yi musu kuɗin goro ba. Haka kuma tsintuwa: wanda ya tsinci abu mai daraja sai ya yi cigiya shekara guda, a ƙofar masallaci da inda jama'a ke taruwa, in mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa a ba shi. Cigiya wajibi ce a kan wanda ya tsinta. Ba a ce mai kaya ne zai riƙa zuwa duk wata shida yana rantsuwa cewa har yanzu yana son kayansa ba.

Al'adarmu ta gona ma haka ta bi. In mutum ya yi nisa, gonarsa ta zama saura, bulama ko dagaci yana iya ba wani ya noma, don ƙasa ba ta zama banza ga mai yunwa a gari. Amma sunan abin aro, kowa ya shaida. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya sayarwa, tsamiya ko ɗorawar da ke ciki kuwa ta masu gona ce. Amfanin ƙasa ya koma hannun wanda ke nan, asalin kuwa yana jiran wanda ya tafi.

Saboda haka ni ban ce kada a saki suna ba. Wanda ya kama Sarkin Ruwa bai yi harbi ko ɗaya ba, ba abin da ya gina a kan sunan, ba wanda ya san shi da shi. A yi masa cigiya, in bai amsa ba a saki, ba a zalunce shi ba. Amma wanda ya shekara bakwai da suna, aka san shi da shi, ya yi abokai, ya ci bashi ya biya, wannan sunan ya riga ya zama fuska. In ka ba wani, ka ba shi amanar da mutane suka yi wa na farko, ya je ya ci da ita. Masu wasan League of Legends sun gane wannan tun da wuri: a tsohon tsarinsu, gwargwadon nisan da mutum ya yi a wasan, gwargwadon tsawon wa'adin da ake ba sunansa, daga wata shida har zuwa shekara biyu da rabi. Cigiyar kuma ta zama ta gaske, a aika ta kowace hanya da aka sani, a maimaita, wa'adin ya zarce shekara domin ya haɗa damina da rani. In an saki sunan, a yanke duk abin da ke jikinsa, a kuma sa alama ta ɗan lokaci cewa wannan sabon hannu ne, kada abokan na da su ruɗu.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, mu Hausawa mun daɗe da ita. Suna linzami ne, in ji magabata, amma ba su ce doki ɗaya ne ke da linzami ba. A ajinmu na firamare Muhammadu shida ne, ba a taɓa ƙwace sunan kowa ba. Wani Muhammadu Ayama, wani Muhammadu Dogo, wani Ɗanjuma. Haka manyanmu suka shiga tarihi da sunan garuruwansu a bayan nasu: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari. Jariri yakan ci sunan kakansa, a kira shi Abba ko Baffa don kunya, sunan ya rayu ba tare da an shafe mai shi na farko ba. Abin da ba a tarayya a kansa sarauta ce, gama ba a Galadima biyu a fada ɗaya, ita ma ba ta faɗuwa don mai ita ya yi tafiya, sai ya rasu, ko ya yi murabus, ko an tuɓe shi a bainar jama'a. Kuskuren masu wasa shi ne sun mai da kowane suna sarauta. Da suka farga, sai suka dawo hanyar malamin ajinmu: Xbox a 2019, da kamfanin Riot mai League of Legends a 2023, sun koma barin kowa ya ɗauki sunan da yake so, a ƙara masa 'yar alama a baya don rarrabewa, a ɓoye kuma kwamfuta ta san kowa da lambarsa. Gaskiya Discord ya bi akasin haka a 2023, ya watsar da lambobin ya koma suna ɗaya mutum ɗaya, aka kuwa yi rububi da ƙorafi. Lambobi huɗun da na raina a wutsiyar sunana, ashe su ne maganin.

Na san abokina zai ce lambar waya ba ta karɓar laƙabi, ba a Muhammadu Dogo a cikin lambobi goma sha ɗaya. Haka ne, shi ya sa can ne aikin ya fi nauyi. Dole a sake raba lambobi, amma ba dole ba ne a raba su da kayan mutane a jiki. Tun da an tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa, bankuna kuma suna da lambar BVN tun 2014, ba abin da zai gagara a ce ran da layi ya sauya hannu, banki ya sani a ranar, ya daina aika saƙo, ya kulle wannan ƙofa har mai asusu ya bayyana. Wannan aikin hukuma ne da kamfanoni, ba na tsohuwar da ta rubuta lamba a bango ba.

Iya kuwa, na roƙi jikanta ya karanta mini cikakken sunan ɗan nata da garin da ya ce zai tafi, na ba wasu 'yan garinmu da ke sana'a a can su yi cigiya a masallatai da wurin sarkin Hausawa. Bankin ma na je na gaya musu, suka sa na cika takarda, bayan makonni saƙonnin suka tsaya.

Ina da roƙo guda ga shugabannin ƙungiya kafin in zauna. Hutu ya ƙarato, da yawanmu za mu koma ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layi. Ina ba da shawara sakatare ya liƙa sanarwa a kowane ɗakin kwana, cewa duk wanda ke da tsohon layi da ya jingine, ya tuna ko da shi ya buɗe asusun banki, ko rajistar makaranta, ko imel, ya je ya sauya lambar tun layin yana hannunsa. Wanda kuma aka yi wa rasuwa a gida, ko wani nasa ya ɓata, ya karɓi layin ya riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne, har a gama da banki da masu bashi.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu.  Abokina na kujerar baya, bismilla, tambayar farko taka ce.